Launi Ba Ya Ɗaukar Sirdi: Ire-iren Dawaki da Aikin Kowannensu

Da azumi ya raba tsakiya, ko watan Layya ya matso, harkar dawaki takan tashi a Zariya. Daga Kwarbai zuwa Ƙofar Doka, daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari, masu niyyar hawa suna ta cigiya: wani aro yake nema, wani haya, wani kuma ya tara kuɗinsa saye zai yi. Tambayar farko da dillali yake sha ta launi ce, kili ne ko akawal, hurde ne ko danda. Ta biyu ta tsayi. Da wuya ka ji mai saye ya fara da faɗin aikin da yake so dokin ya yi masa, alhali launi ba ya ɗaukar sirdi, ba ya gudu, ba ya jure ƙarar bindiga. Duk wani irin doki da ka sani, mutane ne suka shafe ɗaruruwan shekaru suna zaɓen uwa da uba har suka fitar da jikin da ya dace da wani aiki, kuma abin da aka ƙara masa a nan an rage masa shi a can.

Sai an san awo ake gane bambancin. Tsayin doki daga ƙasa ake ɗaukarsa zuwa ƙashin nan da ya taso tsakanin kafaɗu, inda geza ta ƙare. 'Yan folo, wato wasan ƙwallon dawaki, da "hannu" suke ƙirgawa, hannu ɗaya inci 4, wato santimita 10 da 'yar ɗoriya, don haka doki mai hannu 15 ya kai santimita 152. Nauyi kuwa, ido ba mudu ba ne ya san kima, amma wajen ba da maganin tsutsa ko lissafin abinci kima ba ta wadatarwa. Ɗauki tef ɗin tela ka zagaye ƙirji ta inda majayi yake zama, sannan ka auna daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, duka da santimita. Ninka awon ƙirji da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 11,880. Dokin da ƙirjinsa ya ba da 160, tsawonsa 145, ya kama kilo 312. Riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

Yawancin dawakin da ke ɗaure a turaka cikin birni su ne waɗanda ake kira 'yan Arewa, kuma jini biyu ne suka gauraya a jikinsu. Na farko jinin dokin Barbar ne na Maroko da Aljeriya da Tunisiya, wanda ya tsallako Sahara tare da fatake. Shi ba dogo ba ne, hannu 14 zuwa 15, gajeren baya gare shi, ɗuwawunsa a zube, jelarsa ta fito daga ƙasa-ƙasa, kofatonsa kamar dutse. An gina shi don tafiya mai nisa a kan abinci kaɗan da kuma zabura ta ɗan gajeren zango. Na biyu jinin Dongola ne daga arewacin Sudan, wanda ya biyo ta Chadi da Borno. Wannan ya fi tsayi, ƙafafunsa dogaye, goshinsa zuwa hanci a gantsare waje kamar na rago, sau da yawa da farin goshi da fararen ƙafafu. Idan ka ji an ce ɗan Sudan ko ɗan Chadi, galibi wannan jinin ne ya rinjaya. Yana cika ido a fage, shi ya sa masu hawa suke rububinsa, amma ka dube shi ta gaba: da yawansu ƙirjinsu a tsuke yake, ƙugunsu kuma dogo ne mara nama. Irin wannan jikin yana gajiya da nauyi kafin gajeren ɗan Arewa mai faɗin ƙirji ya gaji.

Akwai kuma kuru, ɗan ƙaramin dokin da mutanen tsaunukan Filato suka daɗe suna hawa ba sirdi wajen farauta da yaƙi. A da can iyakar manyan dawaki ita ce iyakar tsando. Inda duk wannan ƙuda yake, sammore yana kashe doki cikin watanni, shi ya sa rundunar dawaki ta yi ƙarfi a Kano da Katsina da Zazzau, amma da an nausa kudu sai ta raunana.

Hawan da muke yi yau gadon yaƙi ne. Tarihin sarakunan Kano ya nuna a zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka fara amfani da lifidi da sulke da kwalkwali, kuma tun daga lokacin aka buƙaci doki mai iya ɗaukar kaya mai nauyi ya tsaya cikin hayaniya. Har yanzu abin da Hawan Sallah da Hawan Bariki suke nema ke nan. Ƙa'idar masana ita ce doki ya ɗauki abin da bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa ba. Dokinmu na ɗazu mai kilo 312, kasonsa kilo 62 ne. To ɗora masa magidanci mai kilo 75, da alkyabba da rawani, da sirdin gargajiya mai kwacciya, da jalala da likkafun ƙarfe da sauran kayan ado, ka ga an zarce nesa. Yana ɗauka, domin tafiyar hawa a hankali ake yinta, amma da sharaɗi: bayansa ya zama gajere mai nama, zubka ta yi kauri ta kuma zauna daidai, kuma a sassauta majayi a duk inda aka daɗe a tsaye. In ka ga fararen tabo na gashi a bayan doki mai duhun launi, tsohon ciwon sirdi ne, kuma wurin ya fi saurin sake ɓarkewa.

Abin da ya fi jiki muhimmanci ga dokin hawa shi ne sanyin kai. Zai ji tambari da kakaki da algaita a kunnensa, 'yan bindiga za su saki wuta kusa da shi, yara za su ratsa ta ƙarƙashin wuyansa, ga ingarmu ta ko'ina kowanne yana jin kansa. Wannan hali rabinsa gado ne, rabinsa horo. Ana fara saba masa da ƙara daga nesa yana cin abinci, a riƙa matso da ita kwana bayan kwana, a fita kilisa da shi ta bakin kasuwa tare da tsohon doki wanda ya saba, sannan a sa masa kayan adon tun makonni kafin Sallah don ya san motsinsu da ƙararsu. Dokin da ranar hawa ce ranarsa ta farko da ganin taro, mahayinsa da linzami zai yi ta kokawa da shi, kuma linzaminmu mai zobe ba abin wasa ba ne: yana tsaga harshe, yana ƙuje haɓa. A wajen jahi, inda ake sako doki a guje a ja zamiya gaban Sarki, duk nauyin yana sauka a gwiwoyin baya. Doki mai miƙaƙƙun ƙafafun baya ko wanda gwiwarsa ta taɓa kumbura bai dace da wannan ba, komai kyansa.

Sukuwa kuma wata duniya ce. Dokin tseren da ya mamaye filayen duniya shi ne Torobired na Ingila. Duk wanda ke raye yau, ta wajen uba yana komawa ga ɗaya daga ingarmu uku da aka kai Ingila daga ƙasashen gabas tsakanin ƙarshen ƙarni na 17 da farkon na 18, kuma tun 1791 ake rubuta asalinsu a littafi. Ba a rajistar ɗan da aka samu ta hanyar ɗura wa goɗiya maniyyi, sai wanda ingarma ya yi baye da kansa. Abin da wannan zaɓe ya haifar shi ne doki mai hannu 16, mai zurfin ƙirji da babbar zuciya, mai iya riƙe gudun kilomita 60 a awa na tsawon mil ɗaya ko fiye. A 1973 wani mai suna Secretariat ya cinye mil ɗaya da rabi cikin minti 2 da daƙiƙa 24 a Amurka, kuma har yau ba a karya wannan ba a waccan gasa. Abin da neman wannan gudu ya jawo wa Torobired shi ne fata mai laushi, kofato mai sirantar bango wanda dole a sa masa takalmin ƙarfe, ƙashin ƙafa siriri, ga zafin kai, ga ci. Ka ɗaure shi a turke a Zariya kana ba shi abin da kake ba ɗan Arewa, cikin wata biyu za ka ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin zaure.

Amurkawa kuma suka fitar da nasu na gajeren zango, dokin kwata, wanda sunansa ya fito daga tseren rubu'in mil, kimanin mita 400. Cinyoyinsa cike suke da nama, a tashin farko yana barin Torobired a baya, kuma shi makiyayan can suke kora shanu da shi saboda saurin juyawa. A ɗaya ƙarshen akwai dokin Larabawa, mai lotsattsen goshi da manyan ƙofofin hanci da jela a ɗage. Shi ba a cin gajeren tsere da shi, amma a gasar juriya ta kilomita 160 a yini guda babu mai ja da shi. A nan akwai kuskuren da ya yaɗu: da an ga farin doki mai kyan kai sai a ce Balarabe ne. Tsantsar jinin Larabawa kaɗan ne ƙwarai a ƙasar nan, yawancin abin da ake kira haka Barbar ne ko gauraye.

A tseren da ake yi a garuruwanmu, dogayen dawakin Chadi da Sudan da waɗanda aka surka da jinin waje su suke gaba. Mai neman na sukuwa ya duba doguwar kafaɗa a kishingiɗe, zurfin ƙirji daga sama zuwa ƙasa, da jijiyar bayan ƙwauri: ta zama a miƙe, a bushe, ana iya kama ta da yatsu biyu. In ta yi tudu kamar baka, ta taɓa tsinkewa, kuma tana iya sakewa. Sannan a sukwane shi a saurara. Dokin da ke fito ko gurnani lokacin jan numfashi maƙogwaronsa ya samu matsala, ba zai ƙarasa zango ba.

Folo, wasan ƙwallon dawaki, ya daɗe a yankin nan. Kofin Jojiya na Kaduna tun 1919 ake buga shi, Sarkin Katsina Usman Nagogo ya yi suna a wasan har wajen ƙasar nan, Zariya ma tana da kulob ɗinta da filinta. A kan dawakin gida da na maƙwabta aka yi ta bugawa shekaru da dama kafin dawakin Ajantina su cika manyan bargogi. Ɗan Ajantina haɗi ne: an ɗauki Kiriyolo, dokin makiyayan can mai taurin rai da ƙashi mai ƙwari, aka yi ta surka shi da Torobired don gudu. Filin folo ya kai mita 274 a tsawo, kowane zagaye na wasa minti 7 ne, kuma a cikin mintunan nan doki zai tashi a guje, ya tsaya cak, ya juya a kan ƙafafun baya, ya bangaji wani da kafaɗa, duk mahayi na riƙe da linzami da hannu ɗaya. Shi ya sa ba a son wanda ya wuce hannu 15 da rabi sosai, sanda ba ta kai wa ƙwallo da sauƙi, juyawa kuma tana yi masa wuya. Ana aske masa geza, a naɗe jela, don kada sanda ta sarƙe. Wani abin da zai ba mahayin Sallah mamaki: yawancin manyan dawakin folo goɗiyoyi ne. Har ta kai a 2016 ɗan wasan Ajantina Adolfo Cambiaso ya buga wasan ƙarshe na babbar gasar ƙasarsu a kan kwafi shida na goɗiyarsa guda, waɗanda aka samar a ɗakin gwaji daga ƙwayar halittarta.

Sai dai duk dokin da ya sauka daga jirgi, sayensa ne mai araha a kan riƙonsa. Babban abokin gabarsa cutar dawakin Afirka ce, wadda wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari da ba su kai sauro ba suke yaɗawa daga magariba zuwa wayewar gari, musamman ƙarshen damina da kusa da fadama irin ta Galma da Kubanni. Dokin gida yakan jure, baƙo kuwa cikin goma tana iya kashe tara. Alamarta zazzaɓi, kumburin ramin da ke saman ido, numfashi da ƙyar, daga ƙarshe kumfa ta hanci. Ba ta da magani, sai rigakafi kafin damina, da shigar da doki barga mai raga mai ƙananan ido tun kafin rana ta faɗi, da fanka, domin ƙwarin ba sa iya tashi cikin iska. Na biyu ciwon kaska, wanda ke fasa jini: dasashi ya yi fari ko rawaya, fitsari ya yi duhu. A duba cikin kunne, ƙarƙashin jela da tsakanin cinyoyi kowace safiya. Na uku zafin Maris da Afrilu, wanda ke sa wasu baƙin dawaki su daina gumi gaba ɗaya. Ajiye ma'aunin zafi a barga. Lafiyayyen doki zafin jikinsa yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5 a ma'aunin Selsiyas, zuciyarsa na bugawa sau 28 zuwa 44 a minti idan yana hutawa. Ya haura 39 da safe, a nemi likita, ga asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello nan a Samaru.

Manyan dawakin jan kaya na Turai, irin su Shaya na Ingila da Fasharon na Faransa, suna kaiwa kilo 900 har tan guda. An yi su don garma da keken kaya a ƙasar sanyi. Jiki mai wannan girma ba ya iya fitar da zafi a nan, kuma aikin nasu shanun huɗa sun riga sun ɗauke mana.

Kowane iri da cinsa, amma cikin doki ɗaya ne. Tumbinsa ƙarami ne, bai wuce lita 15 ba, kuma ba ya iya amai, don haka abin da ya shiga sai ya wuce ko ya kashe. A yini yana buƙatar busasshen abinci kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa. Dokinmu mai kilo 312 zai ci kilo 6 zuwa 7, kuma aƙalla kilo 4 da rabi ya zama ciyawa da harawa. Hatsi, dawa ce ko gero ko masara, gwargwadon aiki ake ba da shi, a raba sau biyu ko uku, kada ya wuce kilo ɗaya da rabi a ci guda. Ruwa lita 25 zuwa 40, da bazara fiye. Dusa ita kaɗai tana zuƙe sinadarin ƙashi, har ƙasusuwan fuska su kumbura doki ya riƙa ɗingishi ba dalili, harawar wake ko ta gyaɗa ce take daidaita wannan. Harawar da ta yi fumfuna a zubar. Abincin kaji kuwa ko kusa, domin wani maganin da ake sa wa a cikinsa ɗan kaɗan yake tsayar da zuciyar doki.

Ɓarnar da aka fi yi ita ce ta makon Sallah. Doki ya yi wata goma a turke, sai a tashi cikin kwana goma a dinga ɗura masa gero wai ya yi ƙiba. Abu biyu ke biyowa. Ko dai kofato ya kama, ka ga doki ya miƙa ƙafafun gaba ya jingina baya, kofaton da zafi, ya ƙi takawa. A nan a janye hatsi nan take, a tsayar da ƙafafun cikin ruwan sanyi ko ƙanƙara, a shimfiɗa masa yashi, a kira likita. Ko kuma a sukwane shi naman cinyoyinsa su ɗaure, ya jiƙe da gumi, fitsarinsa ya koma kalar shayi mai kauri; wannan kada a tilasta masa tafiya ko taku goma. Duk sauyin abinci a yi shi cikin kwana 7 zuwa 10, kilisa kuma a fara ta mako 6 zuwa 8 kafin hawa, daga tafiya ta rabin awa a riƙa ƙarawa.

In za ka kasuwa, Maigatari ce ranar Alhamis ko Mai'aduwa ko gidan dillali a nan cikin gari, buɗe bakin dokin kafin ka saurari "Alhaji, wannan yaro ne ɗanye". Haƙoran gaba na tsakiya suna sauyawa a shekara 2 da rabi, na kusa da su a 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi, a shekara 5 baki ya cika. Wajen shekara 10 wani layi mai duhu yakan fara saukowa daga dasashi a haƙorin gefe na sama. Ɗanye ɗan shekara 2 bai isa ɗaukar magidanci da kayan hawa ba, ƙashin bayansa bai gama ƙwari ba. Sa a tafi da shi a kan ƙasa mai tauri, a dawo da sassarfa: in yana ɗaga kai duk lokacin da wata ƙafar gaba ta taka, ita ce mai ciwo.

Abin da ya fi damuna da dawakinmu shi ne ba mu kiwonsu, sayensu kawai muke yi. Ingarma muke hawa, goɗiya an bar ta a ƙauye, duk wanda ya samu ya yi mata baye, babu mai rubuta ɗan wane ne. Ingila da Ajantina ba da sihiri suka kai inda suka kai ba, da littafi ne da zaɓen uwa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma rabin ɗan daga goɗiya yake, har da halin da zai koya a gindinta. Mai son gwadawa ya nemi goɗiya da ta cika shekara 4, mai faɗin ƙirji, madaidaitan ƙafafu da sanyin hali, ya kai ta ga ingarman da aka ga aikinsa a fagen da ake so. Tana neman namiji duk bayan kwana 21, na tsawon kwana 5 zuwa 7, a riƙa haɗa su ana tsallake kwana ɗaya har ta ƙi. Ciki kwana 340 ne ko kusa da haka. Ɗan ya miƙe cikin awa ɗaya, ya kama nono cikin awa biyu, mahaifa ta faɗo cikin awa uku, in ta wuce haka aikin likita ne. A tsoma cibiyarsa cikin aidin, a yi wa uwar allurar tetanus wata guda kafin haihuwa, a yaye shi a wata 5 zuwa 6. A yanayin Zariya, bayen da aka yi a Yuni ko Yuli shi ke kawo dukushi a Mayu ko Yuni na gaba, daidai lokacin da sabuwar ciyawa ta fito uwar ta samu nono.